Ranar Ajiye Ƙarfe

Lilo ɗari, tashi goma, an tashi aiki. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin da Pavel Tsatsouline ya shimfiɗa a littafinsa Simple & Sinister na 2013, wanda ya sake gyarawa ya fitar a 2019. Kayan aikin ma guda ne, ketilbel, dunƙulen ƙarfen nan mai mariƙi a ka, wanda asalinsa ma'aunin hatsi ne a kasuwannin Rasha kafin ƙarti su mai da shi abin gwada ƙwanji. Wajen lilo, mutum zai kama shi da hannu ɗaya, ya wurga shi ta tsakanin cinyoyi, ya sa ƙarfin ƙugu ya cillo shi gaba har saitin ƙirji, sau goma, ya huta, ya canja hannu, har karo goma. Daga nan sai tashin Turkawa: ya kwanta rigingine da ƙarfen a sama, ya miƙe tsaye daki-daki ba tare da hannun ya lanƙwashe ba, ya koma ya kwanta. Biyar dama, biyar hagu. Da ɗumama jiki da komai, rabin awa ne ko ɗan fiye.

Tsari mai gajarta haka yana da tasa fitinar. Yana barin mutum da rarar lokaci da rarar kuzari, su kuwa in suka haɗu a jikin mai zumuɗi ba sa barinsa ya zauna. Wanda ya saba da gidan motsa jiki, inda ake kwashe awa biyu ana zagaya injuna har riga ta jiƙe sharkaf, zai gama lilonsa ya tsaya yana dube-dube, yana jin bai yi komai ba. Ranar hutu abin ya fi tsanani, domin ƙarfen ba a wata unguwa yake ba, yana nan a lungun ɗaki kusa da takalma, duk gilmawar da za ka yi sai kun haɗa ido. A nan ake gane gwani. Lilo mai kyau abin kallo ne, ban musa ba, amma ana iya koya wa mutum shi cikin 'yan makonni. Abin da ya fi burge ni ga waɗanda suka daɗe a harkar, suka shekara da shekaru kafaɗa ko kwankwaso bai kwantar da su ba, shi ne yadda suke tafiyar da ranar da ba ta horo ba. Ba sa kashe ta a kan kujera, ba sa kuma sace ta su mai da ita horo ta bayan fage.

Dalilin hutun ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1950 wani masanin sinadaran jiki na Tarayyar Sobiyet, Nikolai Yakovlev, ya bi diddigin makamashin da tsoka ke ajiyewa, ya ga aiki yana zubar da ajiyar, hutu yana mayar da ita, kuma in ta dawo takan ɗan zarce inda take a da. Wanda ya sake aiki a daidai lokacin nan gaba yake ci. Wanda ya sake tun ajiyar ba ta cika ba, ya yi ta maimaita haka, baya yake ci ko da yana ganin ƙoƙari yake yi. Masu horar da 'yan wasan Sobiyet sun gina jadawalinsu a kan wannan fahimta, kuma daga wannan makaranta Tsatsouline ya fito. Haifaffen Minsk ne, ya koma Amurka, ya yi ruwa ya yi tsaki wajen yaɗa ketilbel a can daga wajen 2001, sannan ya kafa ƙungiyar horo ta StrongFirst a 2012.

Sai dai sassan jiki ba tare suke farfaɗowa ba. Ƙarfin da sabon shiga ke ji yana ƙaruwa a makonnin farko yawanci aikin ƙwaƙwalwa ne, ta koyi tara tsokoki su ja lokaci guda. Tsoka na biye, kwana ɗaya zuwa biyu take ɗauka tana gyaran kanta bayan aiki mai nauyi. Can baya akwai jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin na gwiwar hannu da kafaɗa, waɗanda jini bai cika ratsa su ba, su ƙarfinsu maganar watanni ce. Ga shi ketilbel bai san ƙari kaɗan-kaɗan ba. Na gargajiya a kan pud aka ƙera su, ma'aunin Rashawa mai kilo 16 da ɗan ɗoriya, shi ya sa jerin da maza suka saba bi shi ne 16, 24, 32. Daga 16 zuwa 24 ƙarin rabin nauyi ne a tashi ɗaya, daga 24 zuwa 32 kuma kashi ɗaya cikin uku. Mai ɗaga sandar ƙarfe yana iya ƙara kilo biyu da rabi ya wuce, mai ketilbel kuwa tsalle yake yi. Tsoka ta ce ta shirya, zuciya ta ce a je, gwiwar hannu ba wanda ya tambaye ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san ba a ɗora gini a kan wanda aka buga jiya, komai kyansa a ido, sai an bar shi kwanaki ana ba shi ruwa.

Abin lura, tsarin bai ware ranakun hutu a kalanda ba. Shawarar Tsatsouline ita ce a yi kusan kullum, amma a matsayin bita: tsakanin karo da karo mutum ya huta har ya iya magana ba haki, ya kuma bar wurin da sauran ƙarfi a jikinsa. Wanda ya kiyaye wannan da ƙarfe mara nauyi zai yi kwana biyar ko shida a mako lafiya lau. Amma ƙarfen na ƙara nauyi, kwanakin na raguwa da kansu. Mizanin farko da littafin ya gindaya shi ne namiji ya yi lilo 100 da kilo 32 cikin minti 5, ya huta minti 1, ya yi tashi 10 da nauyin nan cikin minti 10, mace kuma kilo 24 a lilo, 16 a tashi. Na ƙoli kilo 48 ne ga namiji. Mai kokawa da irin waɗannan, sau uku ko huɗu a mako ya ishe shi, sauran kwanakin kuma su rage gare shi. A littafinsa na baya, Enter the Kettlebell na 2006, Tsatsouline ya raba mako gida-gida: rana mai sauƙi, matsakaiciya, mai nauyi, sai kwana biyu na abin da mutum ya ga dama muddin bai gajiyar da kansa ba, sai kwana biyu na hutu zalla.

Gwani tambaya ɗaya yake yi wa duk abin da ya yi niyyar yi a ranar: gobe in na kama mariƙi, wannan zai ƙara wa lilona kaifi ko zai dusashe shi? Abin da ya fi saurin tsallake wannan tambaya shi ne tafiyar ƙafa. Minti talatin zuwa awa guda, da ɗan hanzari, baki a rufe ana numfashi ta hanci. In har sai ka buɗe baki, saurin ya yi yawa. Lilo goma bai kai rabin minti ba ake ajiye ƙarfen, zuciya kuwa tana son irin aikin nan mai tsawo mara tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ban da aƙalla kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ketilbel ya ɗauke na biyun, tattakin ranar hutu ya taimaka wajen cike na farkon. Ba ya cin tafin hannu, ba ya cin kwankwaso, ƙugun da ya ƙage da lilon jiya ma yakan saki a hanya. Keke ko iyo duk sun yi, in dai a wannan natsuwar ne. Wahalar kawai ita ce a shawo kan namiji mai ji da ƙarfi ya yarda zagaya unguwa bayan la'asar yana cikin lissafi.

Sai abin da na fi son kallo, tashi da takalmi. Da shi malaman StrongFirst kan fara koyar da tashin Turkawa, amma tsofaffin hannu ba sa yar da shi don sun wuce ajin farko. Mutum zai kwanta rigingine, ya dunƙule hannun dama ya miƙa shi sama saitin kafaɗa, ya ɗora takalmi a kan dunƙulen, a ɗore kawai, ba a riƙe ba. Gwiwar dama a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa, hannun hagu da ƙafar hagu a baje gefe. Ya taka ƙasa da ƙafar dama ya mirgina ya hau gwiwar hannun hagu. Ya dakata. Ya miƙe hannun ya dogara da tafi, ƙirji a buɗe, kafaɗa nesa da kunne. Ya dakata. Ya ɗaga ƙugu, ya zaro ƙafar hagu ta ƙarƙashinsa ya dasa gwiwa a ƙasa, ya cire tafin daga ƙasa ya miƙe gangar jiki, ya gyara ƙafar baya ya fuskanci gaba, sannan ya tashi tsaye. Idonsa na kan takalmin har sai ya daidaita a durƙushe, daga nan ya kalli gabansa. Sai ya bi sawunsa ya koma ƙasa, kuma komawar ta fi tashin wuya.

Takalmi ba shi da nauyin da zai gajiyar da kowa, amma ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙarfe mai kilo 24 yana iya ɓoye kuskure, tunda yatsu sun damƙe shi, ƙarfin damtse kuma ya danne karkatar. Silifas kuwa hannu na ɗan kaucewa sai ya suɓuto, wani lokaci a fuska. Mai fizgar jiki wajen hawa gwiwar hannu, nan zai faɗo masa. Wanda ƙugunsa ya ƙage har sai ya sunkuya kafin ya zaro ƙafa, nan zai faɗo masa. Gwani yakan yi uku ko biyar kowane gefe, a hankali ƙwarai, tashi ɗaya ya ci masa minti guda, yana jan numfashi biyu a kowace matsaya. Inda takalmin ya yi rawa ya koma ya maimaita wurin kaɗai, sau uku, sau huɗu, har rawar ta ɗauke. Wasu har kofi da rabin ruwa suke ɗorawa. Ba gumi ba haki, mai wucewa ma zai ɗauka wasa ake yi, amma gobe in aka ɗaga na 32 sama da fuska, ba a wannan lokacin ake son a fara neman inda ƙafa za ta bi ba.

Daga nan sai tafin hannu, wanda sabon shiga ba ya tunawa da shi sai ranar da ya yage. Lilo ɗari a rana yana tara kanta a gindin yatsu, musamman na tsakiya da mai bi masa. Kanta kariya ce in tana kwance. In ta yi tudu, mariƙin yakan tattaro fatar ya matse ta a duk saukowar ƙarfe, wata rana ana tsakiyar aiki sai ta ɓalle gaba ɗaya ta bar jan nama. Ɗan ciwo ne, amma zai hana ka kama ƙarfe mako guda ko fiye, alwala ma ta zama aiki. Don haka ranar hutu, bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin da fatar ta yi laushi, gwani yakan zauna da dutsen goge kaushi ya bi kowace kanta a hankali. Ba ya kankare ta duka, yana dai kwantar da ita ta yi daidai da sauran tafin, yadda in ya shafa da babban yatsa ba zai ji wani gefe da farce zai iya kamawa ba. Reza ba ta cikin wannan aiki, masu yanka da ita sukan zarce. Da dare ya shafa man kaɗanya ko wani mai kauri kada fatar ta bushe ta tsage, musamman da hunturu. Safiyar horo kuwa ba mai ko ɗigo, domin mariƙi mai santsi taga yake nema ko ƙafar wani. Yakan duba mariƙin ma, in da tsatsa ko ɓawon fenti ya goge. In kuma kanta na yawan taruwa wuri guda, ya san riƙonsa ne da gyara, domin a lanƙwasar yatsu ya kamata mariƙin ya zauna, ba a maƙure a tsakiyar tafi ba.

Miƙa jiki ba sai an ja zance ba. Abubuwan ɗumama jiki na tsarin sun isa: tsuguno da ƙaramin ƙarfe a ƙirji, gwiwoyin hannu na tura gwiwoyin ƙafa waje, wanda kocin Amurka Dan John ya yaɗa, da kwanciya a ɗaga ƙugu sama, da zagaya ƙaramin ƙarfe a kewayen kai saboda kafaɗa. Minti goma an gama. Abu guda dai, Stuart McGill, masanin ƙashin baya na Jami'ar Waterloo a Kanada, ya daɗe yana jan kunne cewa faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya sukan tara ruwa cikin dare, don haka sunkuyo mai tsanani da farkawa ya fi takura su. A bar jiki ya yi kamar awa guda yana zirga-zirga tukuna.

Abin da gwani ke ƙi ya fi abin da yake yi yawa. Shi Dan John ɗin ya yi suna wajen yabon ɗaukar nauyi a yi tafiya da shi, ƙarfe a kowane hannu ko a hannu ɗaya, kuma da gaskiyarsa, atisaye ne mai albarka. Amma ni ban ga gurbinsa a ranar hutun mai lilo da hannu ɗaya ba, sai dai da ƙaramin nauyi. Abin da lilo ya fi ci shi ne riƙo, wato yatsu da tsintsiyar hannu, kuma shi ɗin dai tafiya da nauyi take ci. Haka jan jiki a sanda har hannu ya mutu. Mai son su ya liƙa su a ƙarshen ranar horo, gajiyar ta taru wuri guda, hutun ya zama hutu. Mai buga ƙwallo ranar Lahadi, ko mai dambe ko kokawa, ya lissafa ranar a cikin na horo, kada ya yaudari kansa. Haka “bari in ga ko zan iya ɗaga na 40 sau ɗaya tak”, haka sabon salon da aka gani a YouTube da tsakar dare. Kowannensu shi kaɗai ba laifi ba ne. Amma mutum ya zaɓi tsari mai abu biyu don ya daina kame-kame, sai ya shigo da abu goma ta bayan gida, bayan wata uku ya ce tsarin bai karɓe shi ba, alhali bai taɓa yin tsarin ba.

Ko wankan ƙanƙara da ake yayi bai ɗaɗa gwani da ƙasa ba. A wani bincike da Llion Roberts da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, an raba matasa masu ɗaga ƙarfe gida biyu na tsawon mako 12: bayan kowane horo wasu su shiga ruwa mai sanyin digiri 10 na minti 10, wasu su tuƙa keke a hankali na minti 10. Masu keken ne suka fi samun tsoka da ƙarfi.

Barci da abinci su ne manyan baƙi, amma da yake ba su da ban sha'awa sai a yi ta tsallake su. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye, kuma wanda ya samu damar ƙailula ranar hutu kada ya ji kunyar yin ta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage ci wai don yau ba a yi aiki ba, alhali yau ɗin ce jiki ke gyara. Robert Morton da abokan aikinsa na Jami'ar McMaster sun tattara bincike 49 a 2018, suka ga amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ƙaruwa har wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ka ga ƙwai kaɗai ba zai kai mutum ba, sai an haɗa da wake, awara, kifi, nama, kindirmo, gyaɗa, a rarraba safe, rana da dare.

Wata gwanintar kuma ita ce sanin ranar da za a ajiye ƙarfen ko da jadawali ya ce a ɗauka. Gwanaye da yawa kan ƙirga bugun zuciya da farkawa, kafin su sauko daga gado, yatsu biyu a wuyan hannu na minti guda. Wanda ya san nasa na kullum, in ya ga ya haura sosai kwana biyu ko uku a jere, ga barci ya ƙi daɗi, ga saurin fushi, ya san jiki bashi yake bi. Wasu kan juya ƙaramin ketilbel su riƙe shi gindi a sama: ranar da jiki ke garau yakan tsaya cak, ranar gajiya sai ya yi ta layi. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku ba abin tsoro ba ne, tafiya da ɗan motsi suna sassauta shi. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko wanda ke sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, wannan ba na tattaki ba ne, na likita ne. Fitsari ya yi duhu ƙwarai bayan horo mai tsanani, ga tsoka a kumbure tana zugi, asibiti ake nufa a ranar, domin ƙoda ce ke cikin hatsari.

Duk wannan bayani ya fi dacewa da wanda aikinsa na zama ne, ofis ko shago ko bayan sitiyari. Birkila, ɗan dako, ɗan ga-ruwa, manomi da damina, su ranar da ba su taɓa ketilbel ba sun riga sun ɗauki abin da ya fi shi. Irin wannan mutum ba ya buƙatar ƙarin tattaki. Nasa shi ne ya rage kwanakin horo zuwa biyu ko uku, ya gyara tafin hannunsa, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta da wuri.

Akwai kuma hutun da ba kai ka zaɓa ba, na zazzaɓi, ko tafiya, ko haihuwa a gida. Ƙarfin da aka tara cikin watanni ba ya zubewa a mako ɗaya ko biyu, numfashi ne ke saurin ja da baya. Mai zumuɗi yakan dawo ya ce sai ya rama kwanakin da suka wuce, ya ɗora daga inda ya tsaya har da ƙari. Gwani kuwa, in da na 32 yake aiki, sai ya jawo na 24, ya yi karo biyar maimakon goma, yana kallon ko ƙarfen yana kaiwa saitin ƙirji da kansa ko sai kafaɗa ta taya shi. In yana kaiwa, jibi ya cika goma. Na 32 sai mako mai zuwa.